Gashin Toka a Injin Aski

Tun ranar da likitan dabbobi ya ce makero ne ya cinye gashin kunnen Toka, Amarya ba ta ƙara samun natsuwa ba. Kyanwar marigayiya mahaifiyarta ce, ita kaɗai ce abu mai numfashi da ta taho da shi daga gida. Mijinta kuwa ya gindaya sharaɗi: "Ranar da ciwon nan ya taɓa fatar mutum, ranar za ta bar gidan nan."

Sai ta kulle Toka a ɗakin ajiya. Safe da yamma takan sa safar hannu ta shafa mata magani, ta ɗaura mata kwali a wuya don kada ta lashe, ta tafasa tsumman kwanciyarta. Wuri ɗaya ta yi sakaci: injin askin mijin, da ta ɗauka a ɓoye ta rage gashin gefen ciwon. Hure shi kawai ta yi, ta mayar durowa.

Wata safiya suna karyawa ta ga yana sosa haɓa. Ga tabo ja a ƙasan gemunsa, zagayayye kamar bakin kwalba. Nan take ta tuna da injin askin.

"Amarya, duba min nan. Sauro ne?"

"Wataƙila," ta ce.

Ya shige ɗaki. Ta ji ƙarar durowa. Ya fito riƙe da injin, yana zaro silin gashi ruwan toka daga haƙoran injin.

"Ni dai ban fara furfura ba."

Da gudu ta tare ƙofar ɗakin ajiya, hawaye shaɓe-shaɓe. "Yallaɓai, laifina ne. Wallahi Toka ba ta san komai ba!"

"Matsa."

Ta girgiza kai.

"Na ce matsa."

Ya tura ƙofar. Toka ta ɗago kai cikin kwalinta, kunne ba gashi, ta yi wani siririn kuka. Ya tsura mata ido. Can ya durƙusa, yana sosa haɓa.

"Ashe abin da kike sha ke nan, baiwar Allah." Ya waiwayo. "Maganin nata zai yi min?"

"Naka sai a kantin magani."

"To ɗauko mayafinki. Injin nan na bar mata. Amma ki sani, ba mai ɗaura min kwali."