Allah Ya Raba Lafiya

Wasila ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana da ciki ba. Ina! Cikin fari? A gidansu a Nahuce ko uwar da ta haife ka ba ka gaya wa, balle Alhaji Dogo, mai kamfanin ruwan ledar da take wa aiki a Gusau, sa'an babanta. Zumbulelen hijabi ta saya ta ci gaba da ɗaurin leda. Dole ta riƙe aikin, don tun da hanyar Tsafe ta lalace mijinta Tukur ya ajiye tuƙi, tukunyarsu da hannunta take tafasa.

Amma ciki ba ya jin kunya. Wata safiya Alhaji ya tsaya a kanta, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "'Yata, na ga jikin ya yi nauyi. Je ki gida ki huta. Allah ya raba lafiya."

Har ƙasa ta durƙusa ta yi godiya, baiwar Allah. Wace mai ciki ce ba a yi wa wannan addu'a? Sai da ta leƙo bayan sati ta tarar da wata a kan bencinta.

Maƙwabciyarta a unguwar Damba ce ta ce doka ta hana korar mace saboda juna biyu, ta nuna mata ofishin da ake kai ƙarar masu kamfani. Ta kai ƙara, aka kira Alhaji, ya zo da carbinsa.

Jami'in, Malam Yusha'u, ya ce, "Malama, kin taɓa sanar da shi halin da kike ciki?"

Wasila ta sunkuyar da kai. Maza biyu, ga ciki ya turo hijabi, wai sai ta faɗa da baki.

"Ban faɗa ba."

"To ka ji," in ji Alhaji. "Ni ina ruwana da kallon matan mutane? Aiki ne ya ragu."

Kunyar da aka yi ta yabonta da ita tun tana yarinya, yau ita ake yanka ta da ita. Ta ɗago kai.

"Baba, ka sani. Da bakinka ka ce mini Allah ya raba lafiya."

Malam Yusha'u ya gyara zama ya juya wajen Alhaji. In Alhaji ya amsa ya faɗi haka, ya san da cikin ke nan, magana ta ƙare.

Alhaji bai ko daina jan carbi ba.

"Na faɗa mana," ya ce. "Ni da ke nake nufi, 'yata. Kuma ga shi mun rabu, ko zagi ba a yi ba."