Kashi Tamanin da Bakwai

A kashi tamanin da bakwai cikin ɗari aikin ya sake cijewa. Saƙon ɗazu ya fito a tsakiyar allon kwamfuta: babu isasshen wuri.

Darakta ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Bidiyon sallamar wata likita ne da ta yi shekara talatin a asibitin yara. Tun jiya ya gama yanka da jerawa, saura kwamfuta ta haɗa ta fitar. Ƙarfe biyu za a haska shi a zauren taro. Shugabar nas-nas da ta kawo aikin tana zaune a benci, jaka a cinya.

"Malam, in ba zai yiwu ba ka faɗa mini, in san ƙaryar da zan shirya musu."

"Zai yiwu, ranki ya daɗe."

Ya goge tsofaffin ayyukan da masu su suka karɓa, ya sake gwadawa. Nan dai ya tsaya.

Babbar folda ɗaya ta rage, giga ɗari biyu. Shekara huɗu da suka wuce ya yi wata shida yana bin wani tsohon mai gyaran agogo da kyamara, da niyyar yin fim. Daga nan maƙwabta suka laƙa masa Darakta. Tsohon ya rasu, fim bai haɗu ba, kuma ba shi da kwafi a ko'ina. Ya buɗe guntu ɗaya: ga tsohon ya kara agogo a kunne yana wa kyamara alamar a yi shiru. Darakta ya rufe, ya goge foldar, ya zubar da kwandon sharar kwamfutar.

Ya sake gwadawa. Aka kai tamanin da bakwai, aka tsaya.

Ya leƙa shagon da ke jikin nasa ya kira mai gyaran kwamfuta, dattijon da duk layin ke ce wa Kawu. Kawu ya shigo yana tauna, ya ja kujera, ya danna wuri biyu.

"Kai daga ina kake ta gogewa?"

Darakta ya nuna.

"Ikon Allah! Ai ma'ajiyar kwamfutarka ɗaki biyu ce. Ƙaramin ne ya cika, nan manhajar ke zuba tarkacenta. Kai kuwa ka je kana share babban, wanda ko rabi bai kai ba. Me ka goge?"

Ya gaya masa. Kawu ya daina tauna.

"To ka ji. In na juya aikin nan zuwa babban ɗakin, zai fita cikin minti arba'in, amma yana iya hawa kan abin da ka goge. In kuma ka kashe kwamfutar yanzu ka ba ni zuwa yamma, wataƙila in tsamo maka shi."

"Har yamma?" in ji matar daga benci. Ta gyara riƙon jakarta.

Ƙarfe ɗaya saura kwata. Darakta ya dubi Kawu.

"Juya shi, Kawu."

Su ukun suka zuba wa allon ido. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya yi ta rarrafe har ya kai tamanin da bakwai, ya ɗan daɗe, ya wuce.

Matar ta sauke numfashi. "Af, sunan likitar fa? Ka tabbata ka rubuta daidai?"

Darakta ya jawo takardar da ta ba shi, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Daidai yake."