Ba a Tashin Mutane a Wuta

"Juya shi mana," in ji Malam Abdulsalami, "mu ji saura."

Allurar garmaho ta riga ta kai ƙarshe, tana ta ƙarzar tsakiyar faifan. Rabi'u, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda ya ɗauko garmahon a ka ya dire a zauren tsohon don a yaba masa, ya yi dariya ya ce ai shi ke nan, ɗaya gefen waƙar rawa ce da ya yi wa wata 'yar Izom.

"Shi ke nan? A wuta ka tsaya da su?"

Malam Abdulsalami maɗinkin manyan riguna ne. Kullum bayan la'asar yana aiki yana rera wata tsohuwar waƙar wa'azi da ya karɓa daga bakin malaminsa, shi ma daga nasa, har can Zazzau, tun zamanin da babu mai iya ƙirgawa. Waƙar kan ɗauki mutum daga fitar rai, ta kwantar da shi a kabari, ta tsayar da shi a filin hisabi, ta leƙa da shi wuta. Rabi'u kuwa da rana mai gyaran rediyo ne, da yamma makaɗin jita a wani otal, cikin ƙungiyar wani Ibo mai suna Callistus. Shekara goma sha ɗaya yana jin waƙar ta kan katanga, kuma kullum daidai inda 'yan wuta ke roƙon ruwa a hana su, nan lokacin aikinsa ke yi ya haye kekensa. Shi a zatonsa nan ta ƙare. Da ya nemi izinin sa mata kiɗa, tsohon ya ce a je a yi, ko Allah ya sa mashaya su ji tsoro. Ko a mafarki bai kawo akwai mai yanke ta ba.

Yanzu tsohon ya ajiye allurar ɗinkinsa. Ya ce bayan wuta akwai siraɗi, akwai ceto, akwai baiti arba'in na Aljanna. Ya ce ranar da malaminsa ya ba shi waƙar sai da ya kama kunnensa ya sa shi ya yi alkawari: ko ruwa ake tsugawa, ko gobara ta tashi, ba a tashin mutane a wuta. Wanda ya tsoratar da bawa ya bar shi bai nuna masa ƙofar rahama ba, in bawan ya yanke ƙauna, alhakin na wuyansa.

"Da bakina na ba ka, Rabi'u. Me zan ce wa malamina in mun haɗu?"

Rabi'u ya ruga wurin Callistus. Mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe hannuwa. Ya ce ƙaramin faifai minti huɗu yake ci, ko baitin Aljanna na zinariya ne babu inda za a sa shi, kuma an riga an buga dubu uku a Ikko. Bakin alƙalami ya bushe.

Waƙar kuwa ta karɓu, abin haushi. Shekarar ce ake shirin karɓe wa garin sunansa na Abuja a ba sabon birnin da za a gina, gari ya cika da leburori da direbobin tifa, kowa da rediyonsa. A tasha ita ce, a teburin mai shayi ita ce. Har wanda bai san "zo in kashe ka" da Hausa ba yana taka rawa daidai wurin da ake hana 'yan wuta ruwa, don nan jitar Rabi'u ta fi daɗi.

Tsohon ya daina amsa gaisuwar Rabi'u. Ya daina ɗinki. Kullum da hantsi sai ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, ya tsaya kusa da shagon mai sayar da fayafayi, ya jira. Faifai na ƙarewa sai ya ɗora daga inda aka yanke. Amma wa ke da lokacin baiti arba'in, mota na lodi? Kafin ya haye siraɗi mai shago ya sake sa faifan daga farko, lasifika ta danne muryarsa. Wasu sun ɗauka bara yake yi, suna jefa masa kwabo. A rana ta goma sha tara ya faɗi a wurin, bakinsa a karkace.

Asibiti suka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Aka dawo da shi gida.

Nan fa Rabi'u ya gane girman abin da ya yi, ya tsani jitarsa, ya tsani kansa. Ya shiga neman wanda ya san ƙarshen waƙar. Matar tsohon, Inna Mairama, ta ce ita daga cikin gida take ji, ga daka ga tuwo, sautin ta riƙe ba kalmomin ba. 'Ya'yansa biyu suna can wurin aikin hanya, ba su taɓa zama sun koya ba. Aka ce akwai wani tsoho a ƙauyen Iku da suka yi karatu tare da Malam Abdulsalami. Rabi'u ya taka keke ya je, aka ce ai bara aka binne shi.

Ranar wata Laraba da safe ya ɗauko rakoda da sabon kaset ya yi sallama. Ya kunna rakodar, ya durƙusa a bakin gadon ƙarfen da tsohon ke kwance.

"Baba, ka yafe mini. Ka ƙarasa ta, ni zan kai musu. Wallahi zan kai musu."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya buɗe baki, amma ban da iska da wani gurnani babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Can sai hannunsa na hagu ya lalubo ƙarfen gado, ya fara buga zobensa na azurfa a jiki, a hankali, bisa karin waƙar. Leɓɓansa na motsi. Yana ciki, yana tafiya baiti bayan baiti, shi kaɗai. Rabi'u ya kifa kansa a katifa yana kuka irin na manya, mara sauti. Da ya ɗago, hannun ya tsaya, kaset ma ya tsaya, bai san wanda ya riga wani ba. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai Inna Mairama ta aika a kira shi da rakodarsa. Tana zaune a tabarma cikin takaba, ta ce ya sa mata. Suka saurari ƙarar zobe a jikin ƙarfe, da numfashi, da kukan wata akuya daga waje. Ana cikin bugun sai maɓalli ya yi tsalle, ƙas, kaset ya ƙare.

"Ya kai su Aljanna kuwa?" ta tambaya.

Rabi'u ya so ya ce e. Amma shi ma bai sani ba.

Ba ta sake tambaya ba. Kunnenta na jikin rakodar, ɗan yatsanta ya ci gaba da buga tabarma daga inda zoben ya tsaya, sau biyar, sau shida. Sannan yatsan ya tsaya a sama, bai sauka ba.