Karafan ɗin da ya wuce motar da ke jan sa

Lokacin korona ne, an taƙaita yawan mutane a mota. Kafil, wato ubangida a wurin aiki, ya ce a kai masa karafan ɗinsa, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, daga Mu'aither zuwa gonarsa a bayan Al Wukair. Direbobinsa uku ya tura, Dikko da Ɗalhatu da Isma'il, alhali mutum biyu doka ta yarda su zauna.

"Mutumina, shige karafan ka kwanta abinka," Dikko ya ce wa Isma'il. "Yau kai ne mai gida."

Isma'il ya shige yana dariya.

Ɗalhatu ne ya haɗa karafan da mota. Shi kuwa mutum ne da ko zare ya gani a rigarka sai ya cire. A wuyan karafan akwai wata siririyar wayar ƙarfe mai ƙugiya. A jikin mota ake maƙala ta, don idan karafan ya kuɓuce ta fizgi birkinsa ya tsaya. Ɗalhatu ya ga tana jan ƙasa, abin ya tsaya masa a rai. Ya naɗe ta tsaf a wuyan karafan kamar igiyar guga, har da karkaɗe hannu. Dikko na ta danna hon yana "Yalla, yalla, a yi sauri!" Babu wanda ya duba ko mahaɗin ya kulle.

Sun bar gari, titi fayau, Dikko ya taka mota. A wata gangara suka hau ɗan tudun kwalta, wani abu ya ce ƙwal a baya, mota ta yi sakayau. Dikko ya rage gudu don ya duba madubi.

Bai kai ga madubin ba. Karafan ne ya zo ta gefensa, ya jera da su, ba mai ja ba mai tuƙi. A tagarsa ga fuskar Isma'il, ya dafe gilashi da hannu biyu, bakinsa a buɗe.

"Innalillahi!" Ɗalhatu ya dafe ƙirji. "Dikko, wuce mu yake yi!"

Ya kuwa wuce su. Suna ji suna gani ya bar kwalta, wuyansa ya caki yashi, ya wuntsila.

Da gudu suka isa, har takalmin Dikko ya fita bai sani ba. Suka yi ta kiran sunan Isma'il, shiru. Ɗalhatu ya durƙushe yana kuka kamar ba babba ba. Can sai aka buga ƙofa daga ciki.

Suka ɓalle ta, suka jawo shi. Yana numfashi, yana salati. Dikko ya rungume shi yana hamdala, amma Isma'il ba shi yake kallo ba. Ƙafarsa yake kallo, wadda ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Dikko," ya ce a hankali, "ta dama ce. Da me zan yi tuƙi?"