Taken Labbo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da likita ya ɗaga hoton wuyan Labbo, ya nuna wa matarsa Laure inda ƙashin ya tsage. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce in aka sake kayar da mutumin nan ko sau ɗaya, sai dai a ɗauke shi. Labbo ya ce ya ji, ya bar kokawa. Laure kuwa ta san bakinsa ne kawai ya bari. Ɗan kokawa ba shi da iko da jikinsa in aka buga takensa, ko loma ce a hannunsa zai yar, tsuma ta kwashe shi sai fage.

Don haka ta hau mota har Argungu, ta durƙusa gaban Hodi, tsohon makaɗin da ya yi wa mijinta taken.

"Baba, don Allah ka bizne taken ga," ta ce. "In anka buga shi, gawa za a kawo min."

Hodi mutum ne mai alkawari, amma makaɗi ba ya yarda take ya ɓace. Sai ya yi dabara. Duk wanda ya zo koyon ganga wurinsa yana koya masa kiɗan, sannan ya ce mai shi ya rasu, kuma ba a kiran mamaci fage. Da labarin ya iso wa Laure har dariya ta yi, ta ce tsoho ya iya.

Bana wani attajiri ya gina filin wasa a bayan Gwadangaji, da kujerun ƙarfe hawa-hawa da lasifika a kowace kusurwa. Cikin duk mutanen Birnin Kebbi, wa aka ɗauka tsaron ƙofa? Labbo. Laure ta yi faɗa har ta gaji, daga ƙarshe ta kwashi kaskonta ta kafa suyar kifi a tsallaken titi, inda idonta zai riƙa kaiwa kansa. Tun da damina da aka ce Hodi ya rasu, ta san babu sauran mai riƙe mata alkawarin.

Ranar buɗe fili, bayan la'asar, wuri ya cika maƙil. Wani ƙato da ake kira Riskuwa ya kayar da mutum huɗu a jere, ya tsaya tsakiyar yashi yana jiran na biyar. Babu wanda ya motsa. Ana cikin wannan shirun sai Maigandi, wanda ya gaji gangar Hodi amma bai san fuskar Labbo ba, ya karɓi lasifika.

"Tunda mazan yau sun noƙe," in ji shi, "bari mu tuna mazan jiya da sunka riga mu gidan gaskiya. Baba Hodi ya bar muna takensu, yau za ku ji su."

Matsamin kifi ya suɓuce daga hannun Laure.

Take na farko ya tashi, tsofaffi suka ɗaga hannu suna kiran sunan mai shi. Ta bar mai yana ƙonewa ta tsallaka titi, Keke Napep ya kusa kwashe ta. Ta nufi ɓangaren makaɗa, amma katanga ce da waya, bayanta kuma dubban mutane.

"Shina da rai!" ta kwarma. "Maigandi, Labbo na da rai!"

Wa zai ji muryar mace ɗaya a gaban lasifika takwas? Aka shiga take na biyu. Sai a lokacin ta gane wautarta: maimakon makaɗi, ai mijin ya kamata ta riƙe. Ta juya da gudu tana bin katanga, zani a hannu, tana addu'a Allah ya sa Maigandi ya manta da taken Labbo. Ba ta kai kusurwar katangar ba ta ji shi. Bugu uku a hankali, ɗaya da ƙarfi. Kiɗan da ta yi rawa da shi tana amarya ke nan.

A bakin ƙofa ta tarar da kujerarsa. Hularsa na kan kujerar, takalmansa a jere a ƙasa, ya danne tikiti da dutse don kada iska ta kwashe. Mutane sai shiga suke yi kyauta.

Ihu ya tashi daga ciki. Ta kutsa har ta kama ƙarfen shinge, ta hango shi yana taka yashi, kai duk furfura, kafaɗu na rawa. Tsofaffi sun miƙe suna kiran sunansa. Maigandi ya saki baki, amma hannunsa bai tsaya ba, don makaɗi ba ya yanke take mai shi na tsaye a fage.

Labbo ya duƙa ya ɗebi yashi ya murza a tafinsa. Laure ta ga fuskarsa, ta ga farin cikin da rabonta da ganinsa shekara goma sha ɗaya, kuma wannan ya fi komai tsorata ta.

Riskuwa ya matso, ya yi yadda kowane ɗan kokawa ke fara kamu. Ya miƙa hannu ya dafa masa wuya.