Tumun Bube

Shekara tara mutanen garin suna jiran hanyar da za ta kewaye kasuwa, manyan motocin Kebbe su daina kutsawa tsakanin rumfuna. Da aiki ya tashi, sai turakun awo suka ratsa tsakiyar gonar geron Bube, ga gero bai nuna ba.

Tun ranar Bube ya kasa zama. Da safe ya je ya murza zangarniya, da azahar ya koma ya ƙirga turakun da suka rage tsakanin gonarsa da gireda, motar da ke share hanyar.

Matarsa Atu ta ce, "Malam, da wagga murza kai za ka cinye gonar kafin gireda ta iso."

Ranar Laraba saura turke huɗu. Ya karyo zangarniya biyu, ya gasa tumu, ya kai wa Rufa'i direban gireda.

Rufa'i ya murza a tafin hannu, ya hure, ya tauna. "Baba, wanga hatsi da sauran ruwa. Kwana nawa?"

"Goma, in Allah ya so."

"Takwas dai. Ni ma ɗan manomi ne. Bari in faro daga gefen Tambuwal."

Gireda ta juya. Bube ya koma gida ya wasa magirbi, ya kama sabon ƙirga.