Farantin Mutum Ɗaya

Ina shiga zauren na ci karo da Dije, matar ɗan Malam Ya'ƙub, ta fito da farantin. Tuwon yana nan yadda ta kai shi, miyar kuka har ta yi fata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ya sake maido abinci, yau ma ko loma bai kai baki ba.

Malam Ya'ƙub maƙwabcina ne a Aliero, katangarmu ɗaya. Tare muka tsufa a noman albasa, tare muke ciyayya a ƙofar gidansa tun ba mu da furfura. Mutum ne mai ci, ga surutu. In ka saki baki kana sauraron labarinsa, kafin ka farga ya share gabanka.

Bayan an kwashe albasa tari ya kwantar da shi. Ɗansa Hamidu ya kai shi asibiti a Jega, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a ƙirji, ba cutar da ake ɗauka ba ce. A daidai lokacin ne saƙon ɗiyarsa Bushira ya iso daga Amurka, inda take aure: kwali guda na farantai na tangaran da kofunan gilashi masu kauri. Farare fat, ba fure ba zane, bakinsu a ɗan karkace kamar magini bai gama ba. Matan unguwa suka yi ta taɓe baki, wai ina laifin samira mai fure. Bushira kuwa ta ce a waya su ake yayi can, kowa da nasa yake ci, ta roƙa a riƙa zuba wa Baba a ciki ya ci moriyar ɗiyarsa.

Dije ta yi fiye da yadda aka ce. Ta ware masa faranti da kofi, ta hana jikoki taɓawa kada su fasa, in ta ɗauke ta wanke su daban, ta naɗe a tsumma ta ɗora can sama. Wallahi don girmamawa ta yi. Ni kaina da na gani tsiya na yi masa, na ce tsoho ya waye da tsufa.

Ran nan dai raina a ɓace na shiga ɗakinsa. Na same shi jingine da bango, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na hau shi da faɗa, na ce wane irin taurin kai ne mutum ya yi ta haɗiyar magani ciki ba kome. Na matsa zan zauna bakin katifa, ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Magaji. Kana da iyali."

"Mi ya kawo zancen iyali?"

"Kak ka maishe ni yaro. Da tarin huka ya kama babana, hakanan anka yi mai. Anka ware ƙwaryatai, anka hana mu zuwa kusa. Ni dai da kwanon Turawa anka yi min."

Ashe shi ya sa yake korar jikokinsa da tsawa, mu kuwa muna cewa zafin ciwo ne. Na rantse masa, na maimaita abin da likita ya faɗa. Ya ce likita da Hamidu bakinsu ɗaya, ai mai irin wannan ciwo ba a gaya masa, a kwanonsa yake gani.

Da na ga baki ba zai yi ba, na kira Dije na ce ta ɗumamo tuwon, ta kawo a farantin nan dai. Na wanke hannu na zauna gab da shi. Ya kama wuyan hannuna zai hana ni, amma ina ƙarfin? Na yanki loma na kai baki, na ɗauki kofinsa na shanye ragowar ruwan. Ya daɗe yana dubana, sannan ya miƙo hannu. Ba a yi farantin don mutum biyu ba, yatsunmu sai karo suke, miya tana zuba a tabarma. Ya ɗan ci, ya ce a kira masa yaran. Dije tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi tana kuka.

Sai dai jiki ya riga ya tafi. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, ƙaramar jikarsa tana barci a gefen ƙafarsa. Har yau in na tuna makonnin da ya yi yana kallon farantin nan shi kaɗai, zuciyata ƙuna take.

Ranar sadakar uku aka fito mana da shinkafa a babban tire ƙofar gida. Muka kewaye, aka yi bisimilla. Sai da ci ya yi nisa na lura ba wanda ya zauna ta wajen bango, inda Malam Ya'ƙub ya saba zama, shinkafar gefen tana nan a tule, tana hucewa.